Na ɗaga hannu a zauren magajin gari aka ce in yi shiru

Salamu alaikum 'yan uwa na Garwa ta Kamaru da kewaye, ya zafi, ya haƙuri da mu. Masu tambayata farashin waya da tsohuwar mota ku ɗan dakata, yau ba shi ya kawo ni ba. Wani abu ne ya tsaya min a rai, na ba Yaya labari a waya ya yi ta min dariya wai Turai ta mai da ni ɗan siyasa, to gara in rubuta kowa ya karanta a yi mana alƙalanci.

Garin da nake a Faransa ƙaramin gari ne, mutanensa ba su kai 20,000 ba, in ka ɗauki keke kafin ka yi gumi ka fita ta ɗaya gefen. Layin da nake haya yana da ɗan gangare, in an yi ruwa sai ya taru a bakin ƙofar gidanmu, kuma ruwan da nake faɗa ko idon sawu ba ya kaiwa, a Garwa ba mai kallonsa sau biyu, yara ne ma za su cire riga su shiga. To wannan ɗan ruwan shi ya jawo takarda a akwatin wasiƙun kowa, da hoton taswira, wai za a fasa layin gaba ɗaya a sake bututun ƙasa da kwalta da wurin tafiyar ƙafa, kuma majalisar gari za ta zauna a kan maganar ran kaza ƙarfe kaza. Ni na ajiye takardar a kan firij na manta. Wata tsohuwa maƙwabciyata, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, ita ta ƙwanƙwasa min ƙofa da yamma da jakarta a hannu ta ce tashi mu je, ƙofarka ce ruwan ya fi damu. Na ce Madam ni baƙo ne za su bar ni in shiga? Ta ce in kare ka zo da shi ne kawai za a tsayar da kai.

Haka kuwa aka yi, ba soja ba ɗan sanda ba wanda ya tambaye ni takardar zama. Ɗakin da ake ɗaura aure a meri, wato ofishin magajin gari, shi ne ɗakin zaman, an jera tebura zagaye, mu 'yan kallo an sa mana kujerun roba a baya. Kansiloli 33 ne, domin doka ce ta yanka adadin, garin da ke da mutum 10,000 zuwa ƙasa da 20,000 kansila 33 yake samu, kuma kusan rabinsu mata ne saboda in za a rubuta jerin 'yan takara dole namiji mace namiji mace har ƙasa. Na gane fuskoki, akwai mai kantin magani, akwai wani da muke haɗuwa a tashar bas da asuba da kayan aiki a jikinsa. Yawancinsu ba albashi suke ɗauka a kan wannan kujera ba, magajin gari da mataimakansa ne ke da alawus, sauran daga wurin aiki suka wuto ko abincin dare ba su ci ba. Kowa da tarin takardu a gabansa ko kwamfutar hannu, an aika musu tun kwana 5 kafin zaman kamar yadda doka ta ce don kada wani ya ce bai karanta ba.

Farkon zaman wallahi barci ya so ɗauke ni. Tallafin ƙungiyar ƙwallon yara, kuɗin abincin rana na 'yan firamare wanda ake biya gwargwadon samun iyaye, sayen motar share titi, sa wa wani lungu suna, gyaran rufin ɗakin motsa jiki. Magajin gari ya karanta, ya ce wa bai yarda ba, wa ya janye, shiru, an amince, sai na gaba. Na ce a raina ashe abin da aka taso ni kenan.

Sai aka zo layinmu.

Wata mata daga ɓangaren adawa, gajeriya mai farin gashi da tabarau rataye a wuya, ta danna makirfo ta ce tana da tambaya. Jama'a ba tambaya ɗaya ba ce. Ta ce kamfanoni da yawa sun kawo tayi, me ya sa ba a ba wanda ya fi araha ba. Aka ce mata ba farashi kaɗai ake dubawa ba, ana ba da maki a kan ingancin aiki da lokacin gamawa, kuma ɗan ɓangarenku yana cikin kwamitin da ya buɗe ambulan. Ta ce ta sani, amma wannan kamfanin ba shi ne ya yi aikin filin kasuwa ba, wanda aka ƙara masa kuɗi bayan an sa hannu? Ta buɗe takarda ta karanto adadin farko da na ƙarshe har da santim. Ta ce wa ya tabbatar mana ba za a sake dawo mana da ƙarin kuɗi ba in an haƙa an ce an tarar da dutse. Magajin gari fuskarsa ta yi ja, ya juya ya ce shugaban ma'aikatan ayyuka ya amsa, shi kuma ya miƙe yana bayanin zurfin rami da faɗin bututu da shekarun wanda ke ƙasa. Matar nan ba ta sake shi ba, tana ja yana ja kamar dillalai biyu sun kama igiyar sa ɗaya a kasuwar shanu ta Adumri, sai dai nan ba a sa hannu cikin riga a ƙulla ciniki a ɓoye, komai da ƙarfi ake faɗa kuma akwai mai rubutawa. Ni abin da ya ɗaure min kai ba wanda ya ce mata ke wace ce, ba wanda ya tuna mata cewa da magajin gari take magana, shi ma bai ce za ki gani ba. Ya sha ruwa ya ci gaba da amsawa.

Daga kuɗi aka koma itatuwa. Akwai tsofaffin itatuwa a jere a layin, saiwoyinsu ne suka fasa bututun suka ɗaga daɓen, injiniyoyi suka ce sai an sare wasu. Nan ɗakin ya kacame. Ashe tun 2016 akwai dokar da ta kare itatuwan da ke jere a bakin hanya, ba a sarewa sai an bi ta ofishin firefe, wato wakilin gwamnatin ƙasa a lardi, kuma sai an dasa wasu a madadinsu. Wani ya ce ƙaramin dashe sai ya shekara ashirin kafin ya ba da inuwa, wani ya ce to a bar masu keken guragu su ci gaba da sauka kan titi saboda itace? Ni dai zuciyata tana wajen itatuwan. Duk wanda ya taɓa taka ƙasar Garwa da tsakar rana a watan Afrilu ya san darajar inuwar dogon yaro, kuma na tuna yadda muke yi wa namu, mai faɗaɗa shago ya sa gatari, mai akuya ya sassaƙe reshe, ba mai cewa uffan.

A nan ne na ɗaga hannu. Ina da magana ta gaske, domin a taswirar da suka haska a bango na ga inda suka sa bakin magudanar ruwan ya yi sama da ƙofarmu, ni kuma da nake tsallake ruwan nan kullum na san ba can yake taruwa ba. Hannuna a sama, sai na ga idanu sun juyo. Magajin gari ya dube ni ya ce Malam yi haƙuri, 'yan kallo ba su da bakin magana a zaman majalisa, sauraro kawai. Tsohuwa ta ja min hannun riga ƙasa. Kai! Ban san lokacin da gumi ya keto min ba a cikin sanyin nan. Ni kaɗai ne baƙar fata a ɗakin, kuma duk da a hankali ya faɗa, ji na yi kamar an kore ni daga gidan biki a gaban surukai. A gida ko a fadar Lamiɗo in ka yi gaisuwa ka durƙusa akwai wanda zai isar da maganarka, nan kuwa an bar ka ka shiga, an ba ka kujera, an ce ka haɗiye abin da ke bakinka. Daga baya tsohuwa ta ce ko ita da aka haifa a garin ba ta da wannan damar, doka ce a kan kowa. Na ji, amma bai sanyaya min rai ba, don ita in ranta ya ɓaci tana da ƙuri'a. Ni ba ni da ita. Maƙwabcina ɗan Fotugal da muke ɗaukar kaya tare a wurin aiki yana zaɓen majalisar gari, yana ma iya tsayawa kansila, saboda ƙasarsa tana cikin Tarayyar Turai, tun zaɓen 2001 suke yi. Mu 'yan Afirka ko ka shekara talatin kana biyan haraji sai in ka karɓi takardar zama ɗan ƙasa. Mitterrand ya yi alkawarin gyara wannan da yake neman shugabancin ƙasa a 1981, Hollande ya sake yi a 2012, har yau shiru. To ku daina ganin kamar a gida ne kaɗai ɗan siyasa ke cin alkawari.

Aka kaɗa ƙuri'a, ɓangaren magajin gari ya yi rinjaye, kuma kullum su ke yi, don tsarin zaɓensu jerin da ya zo na ɗaya ana ba shi rabin kujeru kyauta sannan a raba sauran da shi a ciki. Wato matar nan ta san tun daga gida ba za ta ci ba. Duk wahalar da ta sha don a rubuta ne, a buga a intanet, gobe in kamfanin ya dawo neman ƙari ta zaro takardar.

Ina ƙoƙarin sulalewa bayan an tashi sai ga mataimakin magajin gari mai kula da ayyuka ya biyo ni har bakin matakala, ya ce na ga ka ɗaga hannu, me ke tafe da kai. Na faɗa masa a tsaye, raina a ɓace. Ya zaro biro ya rubuta lambar gidanmu, ya ce ranar Asabar da safe yana zama a ofis don jin koken mutane in zo. Na je. Ban kai goro ba, ban nemi wanda ya san shi ba, ban ce ni ɗan wane ba ne. Na kai koke biyu, na magudana da na fitilun titi, don tun da kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi a 2022 garuruwa da yawa a nan suke kashe fitilu da tsakar dare, namu ma haka, ni kuma ina fita aiki kafin asuba cikin duhu da tocilan waya. Bayan 'yan makonni wasiƙa ta zo da sunana da hatimi. Maganar magudana an tura ma'aikaci ya duba ranar da aka yi ruwa, an ga gaskiyata, za a sauko da ita. Maganar fitila a'a, ga dalili, ga abin da ake ragewa a kuɗin wuta, ga ranar da majalisa ta tattauna. An hana ni, amma a rubuce aka hana ni, da sa hannun mutum. Wasiƙar tana nan na adana tare da fasfo, matata tana ta min tsiya.

Kada wani ya ɗauka aljanna nake ba ku labari. Aikin nan da aka amince da shi sai da muka ga damina da rani suka zagayo ba a gama ba. Masu ruwan sha suka haƙa suka rufe, masu gas suka zo suka haƙa wurin suka rufe, masu wayar intanet su ma haka, muna ta tsallake katako da jaririya a keken turawa. In ka je meri ka yi ƙorafi sai a ce kwalta tamu ce amma bututun ruwan sama na haɗakar garuruwa ne, shara ma tasu ce, babban titin da layinku ya faɗa ciki kuma na depatama ne, wato hukumar lardi. Makaranta ma haka suka raba, firamare ta gari, kolej wato ƙaramar sakandare ta depatama, lise wato babbar sakandare ta jiha. Sai ka yini kana danna lamba kana jin kiɗa a waya. Kuma komai sai randebu, wato a ba ka rana da lokaci, komai sai takarda, ko ɗan ɗakin ajiya za ka kafa a bayan gidanka in ya wuce murabba'in mita 5 sai ka sanar da meri, fentin gaban gidanka in za ka sauya kala sai ka nemi izini, ciyawar da ka yanke ba ka da ikon ƙona ta. Ragon layya kuwa kar ma ka fara, yanka a wajen mayankar da aka amince da ita laifi ne da ke iya kai mutum kurkuku wata 6 da tarar yuro 15,000. Sallah ta zo ka je ka karɓo nama a leda da lamba a jiki, ba ƙaurin babbaka a unguwa, ba yara masu rabon nama gida gida. Ranar nan kam kowace shekara sai na ji ina ma a ce ina gida.

Sannan kuɗi. Tsaftar nan da kuke gani a hoto ba sadaka ba ce. Mai gida yana biyan harajin gida duk Oktoba, a ciki akwai na kwashe shara, shi kuma ya juyo ya ɗora min a kuɗin haya. Harajin mazauni ne aka cire wa kowa a gidan da yake zaune tun 2023, shi ya sa magadan gari ke ta kukan an rage musu hanyar samu. Shara kanta aiki ce, kwandon ruwan ɗorawa na robobi da kwali da gwangwani, kwalba ka kai ta wani akwati a bakin titi, ragowar abinci tun 2024 an ce a ware shi daban, tsohuwar katifa ko firij ka ɗauka ka kai juji na musamman da kati. Ka yar da abu a titi tarar yuro 135, ku lissafa da sefa 655 a yuro ɗaya, ya haura sefa 88,000 a kan gwangwanin lemo. Kuma ba sai ɗan sanda ya gan ka ba, akwai tsofaffi a bayan labule da ba su da aikin yi sai kallon wanda ya fitar da kwandonsa ba a ranarsa ba. Mutumin da ba zai amsa maka gaisuwa a matakala ba shi zai rubuta wasiƙa a kanka. Wannan hali nasu har gobe ban saba da shi ba kuma ba na fatan in saba.

To amma ga inda nake so mu tsaya mu kalli juna. Da na dawo daga zaman nan na kasa barci, na shiga intanet na nemo dokarmu ta Kamaru, ta ƙananan hukumomi, wadda aka sa wa hannu ran 24 ga Disamba 2019, wadda ta cire delegen gwamnati, wato wanda ake naɗawa ya riƙe birni, ta kawo magajin birni da kansiloli ke zaɓa. Jama'a kusan duk abin da ya burge ni a nan yana ciki. Majalisar gari tana zama duk wata uku. Zaman a buɗe yake ga jama'a. Duk mazaunin gari ko mai biyan haraji yana da ikon ya nemi a nuna masa kasafin kuɗi da rahoton zama, ya yi fotokopi da kuɗinsa. Har an rubuta cewa kason da gwamnati za ta ware wa ƙananan hukumomi kada ya gaza kashi 15 cikin 100, ko da yake masu bin lissafin suna ta cewa ba a kai nan ba. Muna da meri uku a Garwa, ta ɗaya ta biyu ta uku, ga ta birni a sama, kowace da kansilolinta, an zaɓe su a Fabrairun 2020. Yanzu don Allah a cikin masu karanta wannan wa ya taɓa zuwa ya zauna a baya ya saurara? Wa ya san sunan kansilan da ya fito daga unguwarsu, in ba wanda ya ci kuɗin kamfen a hannunsa ba? 'Yan kasuwa kullum ana yanka muku tikiti kuna biya kuna tsaki, wa ya taɓa tambayar nawa aka tara a shekara kuma me aka yi da shi?

Mu abin da muka sani da magajin gari shi ne a je gidansa da sassafe a zauna a ƙofa. Matata ta haihu, ɗana ba lafiya, azumi ya zo ba sukari, a taimaka min da kujerar Makka. In ya ba ka jaka biyar ka fito kana mutumin kirki ne, in bai ba ka ba ka ce ya yi girman kai. To wanda ka karɓi jaka biyar a hannunsa da safe da wane baki za ka tambaye shi kuɗin kwalbati da yamma? Kuma shi ma daga ina kuke so ya samo abin rabon nan kullum? Mu muke koya musu. Matar nan mai tabarau da ta taɓa zuwa roƙon kuɗin suna da ba ta iya buɗe takarda a gabansa ba.

Kuma ba komai ne laifin hukuma ba, mu faɗi gaskiya ko da ɗaci. Lokacin gasar kofin Afirka a farkon 2022 Garwa ta yi kyau, an gyara filin Rumde Ajiya, an shimfiɗa kwalta, an ja magudanai, an kafa fitilu, ina nan ina nuna wa abokan aikina a waya ina cewa ga garinmu. Da na je hutu bayan nan me na tarar a cikin magudanan? Leda, bawon mangwaro, robar ruwa, tokar murhu, wani ma ya cike ta gabansa da ƙasa don babur ɗinsa ya samu hawa. Ledar nan an haramta ta tun 2014 amma ko ƙosan dala biyar ka saya sai an sa maka a biyu. Yarinya ta fito da kwandon shara da daddare ta juye a kwata, uwarta ce ta aike ta, ubanta yana zaune a tabarma yana gani. Ruwan Agusta ya sauko ya rasa hanya ya shiga ɗakuna sai mu ce ƙaddara. Waɗanda suka ga ambaliyar 2012 lokacin da kogin Binuwai ya cika aka saki ruwan madatsar Lagdo sun san ruwa ba ya wasa, amma jeka ka ga inda ake ta sayen fili ana gini a kan hanyarsa, mai sayarwa ya sani mai saye ya sani.

Na san wani zai ce kana haɗa mu da Faransa, su da suka kwashi arzikinmu. Gaskiya ne kuɗinsu ba namu ba, kuma su kowane gida yana da lamba kowane fili yana cikin rajista shi ya sa haraji ba ya kuskure kowa, mu kuwa kwatancen gida sai a ce bayan masallaci kusa da mai injin niƙa. Ƙananan hukumominsu kusan 35,000 ne, namu 360 a duk ƙasar. Ban ce mu yi motar share titi ba. Amma zuwa a zauna a kujerar baya ba ya cin ko sisi, kuma ba Bature ne ya hana mu yashe kwatar ƙofar gidanmu ba. Da can ma ai muna yi, mai unguwa ya sa a yi shela, samari su fito da shebur da baro kafin ruwan farko, mata su dama kunu. A nan ba su da wannan, in ba ma'aikaci ya zo ba ba mai taɓa komai.

Akwai kuma abin da in na tuna sai in ji duk tsarinsu ya fita raina, maganar maƙabarta. Nan maƙabarta ta gari ce, a hannun magajin gari take. Kabari haya ake yi, shekara 15 ko 30 ko 50, majalisa ce ke yanka farashin kamar yadda take yanka na abincin makaranta, in wa'adi ya cika ba wanda ya sabunta suna da ikon karɓe wurin. Dole a sa mamaci a akwati, kuma ba a binnewa sai an cika awa 24. Dokarsu tun 1881 ta hana raba maƙabarta bisa addini, saboda haka keɓe wa Musulmi gefe guda inda za a fuskantar da kaburbura alƙibla ba haƙƙi ba ne, ganin damar magajin gari ne, wani ya yarda wani ya ƙi. A garin da nake babu. In ɗan uwa ya rasu sai dai a nemi wani gari ko a yi karo karo a sa shi a jirgi, kuɗi masu yawan gaske. A gida mutum ya cika da hantsi kafin la'asar an sallace shi an kai shi, matasa sun haƙa kabari ba wanda ya nemi ko dala, maƙwabta sun cika gidan da kwanukan abinci. Wannan kam ba majalisar da ta zauna ta tsara mana, kuma ba na jin akwai kasafin kuɗin da zai saye shi.

Yanzu mu 'yan tsirarun da ke nan, da Larabawan Maroko da Aljeriya da Turkawa da 'yan Mali, mun haɗa takarda a kan maganar gefen maƙabartar, waɗanda suke da ƙuri'a a cikinmu su muka sa a gaba su sa hannu da farko, don na gane a nan ma ana duba wannan. Tsohuwa ce ta gyara mana Faransancin, ta kuma ce kar mu kai wa magajin gari shi kaɗai, mu ba matar nan mai tabarau kofi ɗaya.

Yaya, kai da ka yi min dariya, in ka je meri karɓo takardar haihuwar yaran nan don Allah ka tsaya wajen sakatare ka tambaye shi yaushe ne zaman majalisa na gaba, kuma ka ce kana son ganin kasafin kuɗin bana, ka ce masa dokar 2019 ce ta ba ka dama. Ka sa babbar rigarka ka tafi da Kawu don kar a raina ka. Duk abin da ya ce maka, ko ya ba ka ko ya kore ka, ka turo min ta WhatsApp yadda kuka yi, kuɗin fotokopi da na babur a kaina.